Kwafe Waƙoƙi daga Faifan CD zuwa Kwamfuta

Faifan CD na waƙa, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ba ya ajiye waƙoƙinsa yadda kwamfuta ke ajiye fayil. Sautin a jere yake shimfiɗe, an yanka kowace daƙiƙa gida 44,100, kuma minti ɗaya yana cin wajen megabait 10. Shi ya sa sai da manhaja ta musamman ake ciro waƙar a zuba ta a fayil.

Wurin karanta faifan ne ake bambanta manhaja ta kirki da ta jeka-na-yi-ka. Idan faifai ya karce, na'urar da ke kunna shi takan cike gurbin da ƙiyasi, kunne bai ma lura ba. Manhaja mai gaggawa kuwa sai ta kwashe kuskuren ta yi shiru, sai ranar da aka saurara a ji wani ɗan "ƙas" a tsakiyar baiti. Exact Audio Copy, wadda wani Bajamushe, Andre Wiethoff, ya fitar a 1998 don Windows, tana maimaita karanta wurin da take shakka har sai karatun ya zo ɗaya. Kyauta ce, sai dai saitinta yana son haƙuri. dBpoweramp ta fi sauƙin sarrafawa amma ta kuɗi ce. Masu Mac kuma XLD suke ɗauka.

Bayan an girka manhajar, a zaɓi tsarin karatu na tsanaki, ko da zai ci lokaci. Sannan a kunna AccurateRip, rumbun da ke gwada sakamakon kwafin da na wasu mutanen da suka kwafi irin faifan. Da shi ne kuma ake gano ɗan gocin da kowace na'urar karanta faifai take da shi, a gyara shi sau ɗaya a huta.

Sai batun fayil. FLAC yana matse waƙa zuwa kusan rabin girmanta ba tare da ya zubar da komai ba. MP3 ya fi ƙanƙanta saboda yana yar da wani ɓangare na sautin, abin da ya yar kuma ba ya dawowa. Dabara ita ce a adana FLAC, a riƙa cire MP3 daga jikinsa don waya ko mota.

Sunayen waƙoƙi daga rumbuna irin su MusicBrainz suke zuwa, amma waƙoƙin Hausa da aka buga a gida da wuya a same su a can, balle a AccurateRip. Da hannu ake rubuta su. Wasu faya-fayan kasuwa ma MP3 ne a cikinsu tun asali. Irin waɗannan ba sa bukatar wata manhaja, kwafa kawai ake yi.