Jirgin Nuhu a Sararin Sama

Matasan ikkilisiyoyinmu suna kallon wani irin fim mai dogon zango a wayoyinsu. Duniya ta hallaka ta wurin makaman nukiliya, ko annoba, ko injuna masu tunani, mutane kaɗan sun ragu suna neman inda za su sa kai. Yawancin waɗannan shirye-shiryen talabijin a Amurka aka yi su, inda labarin Nuhu da na Musa suka shiga jinin marubuta, ko da ba masu bi ba ne. Ya kamata mu gane abin da suka aro daga Littafi Mai Tsarki, da abin da suka bari a baya sa'ad da suka aro.

Sunan da Turawa suke kiran irin wannan hallaka daga kalmar Helenanci apokalupsis ya fito, ita ce kalmar farko a littafin Wahayin Yahaya. Ma'anarta buɗe abin da yake a rufe. Yahaya ya ga labule ya yaye, ya ga wanda yake zaune a kursiyi. A talabijin kuwa kalmar ta koma rushewar birane kawai.

Mu ɗauki The 100, wanda aka fara nunawa a 2014 aka kammala a 2020. Shekara 97 bayan yaƙin nukiliya, ragowar 'yan adam suna zaune a wata tasha a sararin sama, wadda aka sa wa sunan jirgin Nuhu, an kuma haɗa ta daga tashoshi 12. Da iskar shaƙa ta fara ƙarewa, sai aka aiko matasa 100 masu laifi su gwada ko ƙasa za ta zaunu, kamar hankaka da kurciyar da Nuhu ya saki (Farawa 8:6-12). Har ɗan shugaban, tilonsa, yana cikinsu, ya kuma mutu a can, ko da yake mutuwarsa ba ta fanshi kowa ba.

A nan ya kamata mu daɗe. A Farawa, Ubangiji ne ya rufe ƙofar jirgi (7:16), shi ne ya tuna da Nuhu (8:1), shi ne ya kafa alkawari da bakan gizo. A cikin fim ɗin babu wanda ya tuna da kowa. Majalisa ce take yanke wanda zai rayu, har aka sadaukar da mutum fiye da 300 domin iska ta ishi sauran. Tun daga nan kowane shugaba yakan aikata mugun abu ya ce saboda mutanensa ne. Jirgi ne marar alkawari, ceto kuwa ya zama lissafi. Amma mu faɗi gaskiya: shirin bai ɓoye zunubi ba. Waɗanda suka tsira sun sauko da muguntarsu, kamar yadda Nuhu ya fito daga jirgi ya bugu da ruwan inabi (Farawa 9:21). A wannan gefe ya fi wa'azinmu da yawa gaskiya.

Battlestar Galactica na 2004 zuwa 2009 Fitowa ya aro. Al'ummai 12 sun hallaka, mutum wajen 50,000 suna yawo a sararin sama suna neman kabila ta 13 da ƙasar alkawari. Shugabarsu, Laura Roslin, tana fama da ciwon daji, ta kuma mutu jim kaɗan bayan isowa, abin da yake tuna mana Musa a Dutsen Nebo. Sai dai mu lura, Glen Larson wanda ya ƙago labarin a 1978 ɗan ɗarikar Mormon ne, wasu alamun daga koyarwarsu suka fito, ba daga Littafi Mai Tsarki ba. Ban da haka, shirin yana koyar da cewa tarihi zagaye yake yi, abin da ya faru zai sake faruwa. Bangaskiyarmu kuwa tana da fari da matuƙa, tana kaiwa ga sabuwar sama da sabuwar duniya.

Wanda ya fi taɓa mu, mu masu hidima, yana cikin The Walking Dead. A can matattu suna tashi, amma tashi ne marar rai, kishiyar 1 Korantiyawa 15. A zango na biyar, a 2014, an nuna wani limamin coci, Gabriel Stokes. Sa'ad da masifa ta zo, mutanen ikkilisiyarsa suka rugo majami'a, shi kuwa ya kulle ƙofa daga ciki, yana jin kukansu har suka mutu. Marubutan ba su bukaci su ambaci Yahaya 10 ko Ezekiyel 34 ba. Duk wanda ya san makiyayin da yake gudu idan ya ga kyarkeci zai gane shi. Ba su kashe shi nan da nan ba. Sun bar shi da rai, yana ɗauke da laifinsa shekara da shekaru, ya ci amanar waɗanda suka cece shi, kafin jama'a su sāke amincewa su ba shi tsaron 'ya'yansu, daga baya kuma ya rasa ganin ido ɗaya.