Majigin Tarihi da Miƙa Mulki a Afirka ta Kudu

Dattawan garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe sun san majigi tun zamanin da motar gwamnati ke zagaya ƙasa, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar lisha. A wancan lokaci abin da ya fito a ƙyalle, jama'a kan ɗauke shi gaskiya tsagwaronta. To, wannan ɗabi'a ita ce ya kamata ɗalibi ya yi hattara da ita idan ya zauna kallon majigin tarihi, domin mai shirya shi yana da sa'a biyu kawai, tilas ya zaɓi abin da zai nuna, ya bar saura.

Kyakkyawan misali shi ne fim ɗin Endgame, wanda Pete Travis ya shirya a shekarar 2009. Ma'anar sunan ita ce ƙarshen wasa, kamar a dara idan 'ya'ya sun kusa ƙarewa. Labarinsa shawarwarin asiri ne da aka yi a Ingila daga 1987 zuwa 1990, akasari a wani gida da ake kira Mells Park, tsakanin jam'iyyar ANC da wasu manyan Turawan Afirka ta Kudu. Wanda ya haɗa su shi ne Michael Young, ma'aikacin kamfanin haƙar zinariya na Consolidated Gold Fields. Thabo Mbeki ya ja ragamar ANC, kuma Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ya fito a matsayinsa. A ɗaya ɓangaren akwai Farfesa Willie Esterhuyse na Jami'ar Stellenbosch, wanda ke kai rahoton duk abin da aka tattauna ga hukumar leƙen asirin gwamnati, amma bai ɓoye wa Mbeki haka ba. Anan ne fim ɗin ya yi gwaninta, domin ya nuna yadda mutum biyu da ba su yarda da juna ba suka ci gaba da zama, kowa ya san maganarsa za ta isa kunnen abokan gaba, har ma yana so ta isa.

Sai dai mai kallo zai iya tashi da zaton cewa mutum kaɗan ne a ɗaki guda suka rushe mulkin wariyar launin fata da aka kafa tun 1948. Ba haka abin yake ba. Abin tambaya shi ne, me ya kai Turawan nan ɗakin? Kamfanin zinariya bai shiga tsakani don tausayi ba. Dukiyarsa ya ga tana cikin haɗari. Tun daga boren ɗaliban Soweto na 1976 unguwannin baƙar fata ba su sake kwanciya ba, kuma a 1985 bankunan waje, Chase Manhattan ne kan gaba, suka ƙi sabunta wa gwamnatin ƙasar bashi, kuɗinta ya faɗi warwas.

Har ila yau akwai hannun ƙasashen Afirka, wanda kusan babu ɗuriyarsa a fim ɗin. A 1976 Nijeriya ta kafa asusun agaji na Kudancin Afirka, aka riƙa cirar wani kaso daga albashin ma'aikatan gwamnati. Watau malamin makaranta a Tambuwal da malamin asibiti a Kebbe, waɗanda ba su taɓa ganin Soweto ba, sun sa nasu a wannan gwagwarmaya. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe hannun jarin kamfanin mai na BP a Nijeriya. Bayan soja sun miƙa mulki ran 1 ga Oktoba na wannan shekara ga Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, sai ya aika da Alhaji Yusufu Maitama Sule Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariya. Irin wannan aiki na shekara da shekaru ba ya daɗin kallo a ƙyalle, shi ya sa ake tsallake shi.

Fim ɗin ya tsaya ne a sakin Nelson Mandela ran 11 ga Fabrairu 1990, bayan shekara 27 a kurkuku. Amma sakin fursuna daban, miƙa mulki daban. Shekaru huɗun da suka biyo baya suna cikin mafiya zub da jini a tarihin ƙasar. An buɗe taron tsara sabon mulki a Disamba 1991, ya watse a 1992, aka kuma harbe Chris Hani a Afrilu 1993, ƙasa ta kusa kamawa da wuta.

Abin da ya warware ƙullin ya fi shafar ma'aikatan gwamnati. A 1992 Joe Slovo, ɗan gurguzu kuma jigo a ANC, ya ba da shawarar a tabbatar wa ma'aikatan tsohuwar gwamnati aikinsu da fanshonsu, a kuma kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta shekara biyar. Da yawa a jam'iyyarsa sun ga wannan kamar sayar da nasara ne, amma hujjarsa mai ƙarfi ce: wanda ke riƙe da bindiga da makullin baitulmali ba zai sake su ba muddin yana tsoron gobensa. Bisa wannan sharaɗi aka yi zaɓen 27 ga Afrilu 1994, aka rantsar da Mandela ran 10 ga Mayu, F. W. de Klerk ya koma ɗaya daga cikin mataimakansa biyu.

Zancen gonaki kuwa, sai aka jingine shi. Dokar 1913 ta ware wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ta 1936 ta ɗaga shi zuwa wajen kashi 13. An soke dokokin a 1991, amma tsarin mulkin 1996 ya kare haƙƙin mai dukiya, saboda haka galibin manyan gonaki suka zauna a hannun waɗanda ke riƙe da su tun da.