Akwatin Intanet da Talho: Yadda Ake Girka Shi a Gida

A shekarun baya, gidan da ke da talho na girke sananne ne a unguwa, domin nan maƙwabta kan taru suna jiran kiran ɗan'uwa daga Makka ko Abijan. A yau kuwa wani ɗan akwati da bai wuce girman littafi ba ya shigo gidajenmu, yana ɗauke da aikin talho da na intanet gaba ɗaya. Jama'a na kiransa boks. Sau da yawa magidanci yakan biya kuɗi, ma'aikaci ya zo ya jona wayoyi ya tafi, alhali mai gidan bai san abin da aka ajiye masa a ɗaki ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu warware wa mai karatu sha'anin wannan na'ura, tun daga girka ta har zuwa kiyaye ta.

Mene ne wannan akwati?

Haƙiƙa na'urori uku ne aka haɗa cikin kwanso ɗaya. Akwai modem, wanda ke karɓar saƙo daga wayar kamfani ya mayar da shi abin da kwamfuta ke fahimta. Akwai mai rarrabawa, wanda ke raba intanet ga wayoyin salula da kwamfutocin gida, ta waya ko ta iska, wato wifi. Na uku shi ne ɓangaren da ke mayar da muryar mai magana saƙon intanet, don a iya jona masa talho irin na da. A ƙasar Faransa, kamfanin Free ne ya yaɗa irin wannan akwati da Freebox ɗinsa a shekarar 2002.

Wayar da ke shigowa gida ba iri ɗaya ba ce. A Amurka da wasu ƙasashen Turai an fi sanin zagayayyar wayar talabijin mai tsinken tagulla a tsakiya, wadda aka tsara ƙa'idar ɗora mata intanet, mai suna DOCSIS, a 1997. A ƙasashenmu an fi cin karo da tsohuwar wayar talho ta tagulla, ko zaren gilashi mai ɗaukar haske da ake kira fibir, ko kuma akwatin da ake sa wa katin waya. A Nijar, alal misali, layukan girke suna hannun Niger Telecom, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Kowace waya da irin akwatinta, saboda haka kada a sayo na'ura a kasuwa, ko a karɓi tsarabarta daga waje, sai an tambayi kamfani ko za ta yi aiki a layinsa.

Wurin ajiyewa da yadda ake jonawa

Tun ran gini ran zane. A zaɓi wuri a tsakiyar gida, a bisa tebur ko kanta, inda iska ke ratsawa. Katangar siminti mai kauri da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi duk suna raunana wifi, haka ma ɓoye akwatin a cikin kabad. Zafi ma abokin gaba ne: galibin waɗannan na'urori an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, ga shi kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Damagaram kan haura haka. Kada a lulluɓe shi da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu. A riƙa share shi da busasshen tsumma.

Da farko a jona wayar kamfani. In zagayayyar ce, a murɗa bakinta da hannu har ya kama sosai, domin sako-sakon baki na daga cikin abubuwan da ke yawan kawo yankewar layi. In zaren gilashi ne, kada a lanƙwasa shi, kada kuma a leƙa bakinsa, saboda hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. Sa'an nan a sa wayar talho a ƙaramin ramin da aka rubuta wa Tel 1, a sa wayar kwamfuta a ɗaya daga cikin ramukan da suka fi faɗi. Lantarki shi ne na ƙarshe. A yi haƙuri na ƴan mintoci har fitilun gaba su daina ƙyaftawa su tsaya. A layin zagayayyar waya, sai kamfani ya yi rajistar lambar na'urar, wadda ke rubuce a takardar da ke manne a jikinta, kafin intanet ya buɗe. Daga nan a ɗaga kan talho: in an ji sautin layi, aiki ya kammala.

Makullai biyu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwatin yana da kalmomin sirri biyu, amma mutane da yawa ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce ta wifi. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa na'urar, wanda ake shiga ta rubuta 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 a kwamfutar da ke jone da ita. Wannan ta biyu sau da yawa takan zo da kalma mai sauƙin cinka, iri ɗaya a dubban na'urori. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin na'urorin gidaje a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi kawai, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka, masu su ba su ma sani ba. Don haka a sauya kalmomin biyu tun ranar farko, a sa masu tsawo, ba sunan ɗa ko lambar waya ba. Wajen zaɓen kariya a ɗauki WPA2 ko WPA3, a guji WEP, wanda aka daɗe da karya shi.

Idan wuta ta ɗauke

Ga wani abu da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Tsohon talho yana samun wutarsa ne daga ofishin kamfani ta cikin wayar tagulla, shi ya sa yakan yi aiki ko gari ya yi duhu. Talhon da ke jone da akwati kuwa yana mutuwa da zarar wuta ta ɗauke. Gidan da ke da tsoho, ko majinyaci, ko mai juna biyu, bai kamata ya dogara da shi kaɗai ba wajen kiran likita, ko ƴan sanda a lamba 17, ko ƴan kwana-kwana a lamba 18 kamar yadda suke a Nijar. Akasarin akwatunan wuta kaɗan suke ci, mai ƙarfin bolt 12, don haka ƙaramin batir na ajiya kan riƙe su na sa'o'i. A kuma ajiye wayar salula da caji. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare wayar lantarki da ta tagulla duka biyu.

Yara da maƙwabta

Wannan akwati ƙofa ce, kuma mai gida ne ke da alhakin abin da ke shiga ta cikinta. A shafin sarrafawa ana ganin jerin wayoyin da ke jone, kuma a na'urori da yawa ana iya ƙayyade sa'o'in da wayar yaro za ta samu intanet, ta yadda dare zai zama na barci, safiya ta karatu. Sai dai na'ura ba ta tarbiyya. Zama da yaro a yi masa bayani ya fi kowane makulli.

Maƙwabci kuwa yana da haƙƙi, kuma hana shi ba ɗabi'armu ba ce. Amma duk abin da aka aikata ta layin gida, da sunan mai rajista kamfani zai gan shi. Mafita ita ce a buɗe wifin baƙi, wanda yawancin akwatunan yanzu ke da shi, mai kalmar sirrinsa dabam, wanda ba ya kai wa ga kwamfutocin iyali. Da haka an sauke haƙƙin maƙwabtaka, an kuma tsare sirrin gida. Allah ya sa mu amfana da abin da muka shigo da shi gidajenmu.