Cinikin Waƙa A Bauchi: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

BAUCHI — Duk wanda ya ratsa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal zai tarar da samari zaune gaban kwamfuta a 'yan rumfuna, suna tura wa jama'a waƙoƙi cikin wayoyinsu. Mai saye yakan biya 'yan kuɗi kaɗan a cika masa memori, shi kuma ya rarraba wa abokai kyauta ta Bluetooth ko Xender. Ko anini ba ya isa hannun mawaƙin.

A zamanin kaset, mawaƙi kan sayar wa dillali aikinsa, a buga da yawa, a yi jigila daga Kano zuwa Bauchi da sauran garuruwa. Har a lokacin akwai masu satar gurzawa, amma tilas su sayi kaset da na'ura. Shigowar wayar salula a 2001, da yaɗuwar wayoyi masu memori daga bisani, ita ta kawar da wannan ɗawainiya, har kwafi ya zama ba shi da tsada.

Ƙasashen waje ma sun sha wannan gwagwarmaya. A Amurka, dandalin Napster ya buɗe musayar waƙoƙi kyauta a 1999, shari'a ta durƙusar da shi a 2001. A 2003 kamfanin Apple ya fara sayar da waƙa ɗaya kan santi 99, jama'a kuwa suka saya, domin hanyar ta zo da sauƙi da araha.

A Nijeriya, Boomplay ya fara aiki a 2015, Spotify ya shigo a 2021. Spotify ya bayyana cewa kuɗin da mawaƙan Nijeriya suka samu a dandalinsa sun haura naira biliyan 25 a 2023, suka zarce biliyan 58 a 2024. Sai dai samun wannan rabo yana buƙatar masu sauraro da ke da data da hanyar biya, alhali mutumin da ya shigo birni daga ƙauye ran kasuwa ya fi gane rumfar mai turawa.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1988 aka kafa dokar haƙƙin mallaka, sa'an nan sabuwar dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ba mai waƙa damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Amma abin da ke wucewa daga waya zuwa waya, bin sawunsa da wuya.

Saboda haka mawaƙan Hausa da dama suka mai da waƙa tamkar talla, suna neman abinci a bukukuwa, tarurrukan siyasa, kiɗan kira na kamfanonin waya da kuma YouTube. Illar ita ce, mai kuɗi ne ke zaɓar abin da za a rera.

Ga 'yan kasuwa, darasin shi ne masu turawa su ne dillalan wannan zamani, kuma su ke riƙe da masu saye. Idan ƙungiyoyin mawaƙa suka yi musu rajista, suka ba su sababbin waƙoƙi bisa wani kaso sananne, sana'ar samarin za ta tsaya kan doka, mawaƙi kuma ya ci guminsa.