Karan Ɗori a Ƙarshen Layi: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da ke Yawo

Tun makon jiya wani saƙo ke yawo a WhatsApp tsakanin ɗaliban da ke rubuta kundin digiri, wai dokoki huɗu ne na yanke kalmar Turanci a ƙarshen layi. Sau uku ana turo mini shi ina yin shiru. Sai ranar Litinin ƙanwata ta dawo gida da babi na biyu na aikinta, malami ya yi masa ja-wur da biro, saboda ta bi saƙon sau da ƙafa.

Doka ta farko, wai ba a raba kalma mai gaɓa ɗaya irin strength ko through, gaskiya ce. Ta biyu, wai Ingila da Amurka wuri guda suke yanka, ba haka ba ne: ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka yana bin furuci, knowl-edge, tsohuwar al'adar maɗaba'ar Oxford kuwa tana bin tushen kalma, know-ledge. Ta uku, wai raba kalma alamar rashin iya Turanci ce, duk wanda ya taɓa buɗe jarida ya san zancen banza ne.

Ta huɗu ce mai ɓarna. Wai idan layi ya cika, ka buga karan ɗori da hannunka duk inda ka tsaya, ko da gajartaccen suna ne, don gefen dama ya miƙe. Wanda ya rubuta wannan bai tsaya ya gwada ba, kuma 'ya'yan mutane ne suke biyan kuɗin sake buga takardu saboda gangancinsa.

A shafin ƙanwata na ga ECO a ƙarshen layi, WAS a farkon na gaba. Mai karatu zai fara ɗauka kalmar was ce kafin ya gane ECOWAS ake nufi. Suna irin wannan, da UNESCO da JAMB, haruffa ne da aka tsinto daga kalmomi daban-daban, don haka ba a raba shi. Idan bai samu wuri ba, sai ya sauka layi na gaba gaba ɗayansa. Haka ma lambobi. Adireshin imel kuwa, ka saka masa karan ɗori, ka mayar da shi wani adireshin daban.

Ko kalma ce ta yau da kullum, tana da inda ake yanka ta. A ƙamus ɗin Amurka project idan suna ce proj-ect ake raba ta, idan aikatau ce pro-ject. Ba a kuma barin harafi ɗaya tilo a ƙarshen layi ko a farkonsa.

Sannan karan ɗorin da aka buga da hannu manne yake da kalmar. Da malami ya sa ƙanwata ta ƙara jimla ɗaya, layuka suka motsa, sai ga govern-ment da edu-cation zaune a tsakiyar layi. Idan ka nemi government a kwamfuta, ba za ta nuna maka wadda aka tsaga ba.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda da saƙon ba. A Hausa yadda ake furtawa haka ake rubutawa, ma-ka-ran-ta, kunne ma ya isa ya nuna maka gaɓa. A zamanin tafireta kuma da hannu ake yanke kalma, domin layin da aka buga ba ya motsi. Wasu masu shagunan buga takardu a can suka koyi sana'ar, sai hannu ya saba.

Gyaran ba wuya. A Microsoft Word, ƙarƙashin Layout akwai Hyphenation: ka bar shi a None, ko ka zaɓi Automatic kwamfuta ta yi aikin, sannan ka bi da ido. Idan dole ka nuna wurin yanka, danna Ctrl tare da karan ɗori. Wannan ba ya fitowa a takarda sai ya faɗo ƙarshen layi. Masu bin tsarin rubutun bincike na APA ma an hutar da su, don ƙa'idarsa ta ce kada a raba kalma a ƙarshen layi, a bar gefen dama yadda ya zo. Abin da sashenku yake so kuwa, malamin da ke duba aikinka ne zai gaya maka.

Ƙanwata ta kwana tana cire karan ɗori ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tura saƙon nan, don Allah ya koma inda ya tura shi ya ce a yi watsi da doka ta huɗu.