In Mota Ta Ƙi Tashi, Kada a Yi Saurin Sayen Batir

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da yawa mota ɗaya ce tak, wani lokaci ta Ikilisiya, wani lokaci ta wani ɗan gari. Ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce ke kai wanda maciji ya sara. Ranar da aka murɗa makulli ta yi shiru, hankalin kowa yakan tashi, kuma maganar farko da ke fitowa ita ce, "Batir ya mutu." Na taɓa ganin inda aka yi karo-karo aka sayo sabon batir daga birni, aka ɗaura, mota ta ci gaba da yin shirunta. Ashe wata waya ce ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta a jikin mota. Gyaran bai fi na minti goma ba, amma kuɗin jama'a sun riga sun tafi.

Da farko a bambanta abu biyu. In inji yana juyawa sosai amma bai kama ba, wannan maganar mai ce ko tartsatsin fulogi, kuma ba ita ce a gabanmu yau ba. Muna magana ne a kan motar da injinta ba ya juyawa sam, ko yana juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya.

Abin da ke juya inji shi ne wata 'yar na'ura da makanikai ke kira kik. Tana zaune a ƙasa, inda inji ya haɗu da giya. Kik yana da cin wuta ƙwarai. A ƙaramar mota mai fetur yakan ja wuta fiye da amfiya 100 a lokacin tayarwa, mai dizal kuwa ta fi haka nesa, alhali fitilar gaba guda ɗaya wajen amfiya 5 take ci. Shi ya sa rediyo zai iya yin waƙa, fitilun dashbod su kama, amma kik ya kasa motsi. Wutar tana fita daga kan batir mai alamar (+), ta bi wata waya mai kauri zuwa kik, sa'an nan ta komo ta jikin inji da ƙarfen mota zuwa kan batir mai alamar (-). Ko'ina hanyar nan ta toshe, mota ba za ta tashi ba, ko da batir sabo ne fil.

To, ga gwajin da ba ya bukatar kayan aiki. A ja birkin hannu, a cire giya. A kunna fitilun gaba, mutum ɗaya ya tsaya yana kallonsu, direba kuma ya murɗa makulli, kowa ya kasa kunne.

In fitilu ba su kama ba ko kaɗan, ko sun kama ja-ja sa'an nan suka mutu da aka murɗa makulli, wuta ba ta isowa. Haka kuma in an ji ƙara "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri a jere. Ko dai batir ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa ba su kama da kyau ba. A buɗe bonet a duba. Sau da yawa za a tarar da wani farin gari ko kore-kore ya taru a kan batir, ko kuma in an kama maɗaurin da hannu sai ya juya. Maɗaurin da hannu zai iya juyawa bai ɗauru ba. Wata alama kuma: bayan an gwada tayarwa, a taɓa kawunan a hankali. Wanda ya yi zafi, a nan wuta ke wahalar wucewa.

Gyaran ba wuya. A kashe makulli, a fara kwance (-), sa'an nan (+). Yawanci sifana mai lamba 10 ce ke yi. Dalilin fara cire (-) shi ne, in sifana ta taɓa (+) da jikin mota a lokaci ɗaya alhali (-) na haɗe, wuta za ta tashi har ta ƙona hannu. A cire zobe da agogon ƙarfe tukuna. A wanke garin nan da ruwan zafi, in da 'yar kanwa a ciki ya fi, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. A goge kan batir da cikin maɗaurin da sanfefa har su yi ƙyalli, a mayar da (+) da farko, (-) daga baya, a ɗaure tamau, a shafa ɗan basilin a sama. Ni dai ba na goyon bayan dabarar nan ta buga ƙusa a tsakanin maɗauri da kan batir, ko dukansa da dutse. Za ta fisshe ka yau, amma tana fasa batir.

Kada a tsaya a nan. A bi wayar (-) har inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota. Hanyoyinmu na gargada ne, girgiza tana kwance noti, laka da ruwan damina kuma suna kawo tsatsa. Wannan wurin ne aka fi mantawa da shi.

In akwai mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola a gari, a aro mitarsa ta awon wuta. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2, caji ya kai rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. A bar mitar a kai a murɗa makulli: in lamba ta faɗo ƙasa da 9.6, ko batir ba shi da caji, ko ya gaji. Batirin da ake buɗe murafunsa, a leƙa a ga ko ruwa ya rufe farantan ciki. In ya ragu, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. A haska da tocila. Kada a kusanto da ashana ko aci-balbal ko taba, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta, yana iya fashewa ya watsa wa mutum asid a ido.

Yanzu sai ɗaya gefen. In fitilu sun tsaya da haskensu garau, an murɗa makulli ba su ko ƙifta ba, kuma ba a ji komai ba, batir ba shi da laifi. Saƙo ne bai kai ga kik ba. Mota mai giya otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N, don haka a gwada N. Waɗansu masu giyar hannu kuma sai an taka kuloci har ƙasa. A duba akwatin fis, galibi akwai zane a murfinsa. Fis da ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya ko takardar sigari, motoci da yawa sun ƙone ta haka. Akwai kuma wata siririyar waya da ke shiga kan kik, takan zame. Motocin zamani suna da makulli mai na'ura a ciki, wanda in mota ba ta gane shi ba, ba za ta tashi ba. In akwai makulli na biyu a gwada shi.

In kuwa an ji "ƙat" sau ɗaya mai ƙarfi sa'an nan shiru, batir da wayoyi kuma lafiya, to zargi ya koma kan kik. Gawayin cikinsa yakan cinye. Wani lokaci in aka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da sanda yayin da direba ke murɗa makulli, sai ya juya. Wannan na kaiwa asibiti ne kawai, washegari a nemi mai gyaran wayarin mota. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a kowane gwaji, a bar kik ya huce.

Game da tura mota, mai giyar hannu tana tashi a giya ta biyu in batir na da ɗan saura, otomatik kuwa ba a tura ta. Amma ga gargaɗi na damina: in mota ta mutu a cikin rafi ko jim kaɗan bayan ta haye ruwa mai zurfi, sa'an nan inji ya ƙi juyawa, kada a tura, kada a dage da makulli. Mai yiwuwa ruwa ya shiga inji, kuma tilasta masa zai lanƙwasa ƙarafan ciki, gyara ya koma na kuɗi masu yawa.

In za a jona da batirin wata mota, (+) da (+) ake fara haɗawa, sa'an nan (-) na mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin marar lafiya, nesa da batir. A tabbata duka biyun masu 12 ne, domin manyan motoci da yawa 24 suke amfani da shi. Al'adar nan ta tayar da mota da batirin aro sa'an nan a cire shi inji na aiki, a daina ta. Tana iya ƙona altanato da kwamfutar mota.

Bayan mota ta tashi, a sake ɗora mita inji na aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya a 12 da ɗan abu, ko jar fitila mai hoton batir ta ƙi mutuwa a dashbod, altanato ba ya caji, kuma sabon batir ma zai mutu cikin 'yan kwanaki. A fara duba bel ɗin da ke juya shi, ko ya saki ko ya tsage. Motar da ke daɗewa a ajiye kuwa, kamar wadda ba ta fita sai ranar kasuwa ko in an sami marar lafiya, a cire mata (-) in za ta yi makonni ba aiki, a ajiye sifanar da tocila a cikin motar, inda duk wanda zai tuƙa da dare ya san wurin.