Rashin jituwar jiki da alkama da madara

Rashin jituwar jiki da alkama da madara yanayi ne da cin abincin alkama ko shan madara ke jawo wa mutum kumburin ciki, murɗawa, yawan tusa, zawo ko kasala. Alamominsa sun yi kama da na gyambon ciki da tsutsar ciki, shi ya sa wasu kan daɗe suna shan magani ba su gano cewa abinci ne sanadi ba.

Gulutin

Gulutin wani sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo. A cutar siliyak, garkuwar jiki kan lalata bangon ƙaramin hanji idan an ci gulutin, sai a samu ƙarancin jini, rama da rashin girma ga yara. Cutar na shafar kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya danganta ta da alkama a shekarun 1940.

Laktos

Laktos shi ne sukarin madara. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya ba sa narkar da shi sosai, domin sinadarin laktes da ke narkar da shi yana raguwa bayan yaye. Binciken Norman Kretchmer da abokan aikinsa a Najeriya a 1971 ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi, saɓanin Yarbawa da Ibo. Alamomin kan bayyana daga minti 30 zuwa awa 2 bayan sha. Wannan ya bambanta da borin jini na madara, wanda ke kawo ƙuraje, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi.

Abincin yankin Maska

A Maska da ke ƙaramar hukumar Funtuwa, da ƙauyukan Malumfashi, abincin yau da kullum shi ne dawa, masara, gero, shinkafa da wake, kuma babu gulutin a cikinsu. Ana samunsa a burodi, gurasa, taliya, alkaki, fanke da lemon malt, haka kuma a ɗan wake idan an haɗa shi da fulawa. Nono da kindirmo kuwa sun kwana sun yi tsami, laktos ɗinsu ya ragu. Don haka mutum zai iya shan fura da nono lafiya, amma shayi mai madarar gari ya ɗaga masa ciki.

Yadda ake ganowa

Ana fara rubuta abin da aka ci da lokacin da ciwo ya taso. Idan madara ake zargi, a bar ta mako 2, sannan a koma sha a ga ko alamomin za su dawo. A asibiti ana tabbatarwa da gwajin numfashi.

Game da gulutin, ba a so a daina cin alkama kafin gwaji, domin hakan na ɓoye cutar. Ana fara da gwajin jini na tTG-IgA, sannan a ɗebi ɗan naman hanji a duba. Irin wannan bincike sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Zawo mai jini, rama ba dalili ko zazzaɓi na buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Kulawa

Mai cutar siliyak zai bar alkama da sha'ir har tsawon rayuwarsa, ya kuma kula kada a niƙa masa hatsi a injin da aka niƙa alkama. Mai matsalar laktos ba sai ya bar madara gaba ɗaya ba: da yawa suna jure kofi guda, kimanin giram 12 na laktos, musamman idan an sha tare da abinci.